Ƙudirin Sarakuna da Zauren da Muka Mayar Shago

Alhaji Sale Gangare:
Assalamu alaikum. Kwana biyu ke nan ana ta turo mana maganar ƙudirin nan da Sanata Lalong ya kai majalisar dattawa, na a kafa wa sarakuna majalisarsu ta ƙasa. Na ga wasu har da kabbara, wai rawani zai dawo da darajarsa. Kowa a nan ya san ni mutumin sarauta ne, ban taɓa ɓoyewa ba, amma abin bai burge ni ba ko kaɗan. A tara manyan sarakuna a Abuja, a sauke su a otal, a ɗauki hoto, a karanta takardar bayan taro, me wannan zai tsinana wa matar da mijinta ya kore ta da tsakar dare a unguwar Ali Kazaure nan Jos?

Ba Sarki ne ya riƙe mu kai tsaye ba a da. Talaka kan shekara bai sa Sarki a ido ba. Mai unguwa ne ya riƙe mu, da liman, da dattijon da ke zaune a zaurensa. Baƙo ba ya kwana a unguwa sai an kai shi gaban mai unguwa ya faɗi daga ina yake, wurin wa ya zo, mece ce sana'arsa. Rigimar iyaka, rigimar kwata, miji da mata, yaro ya ɗauki abin wani, duk a zaure ake kashe su tsakanin la'asar da magariba, ba lauya, ba kuɗin fayil. Yaro ya yi rashin kunya a layi, duk babban da ya gani zai tsawata masa, in ya kai ƙara gida a ƙara masa.

Sai aka bi abin ana kwancewa. Zamanin Gowon, daga 1967, sojoji suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidan yari daga hannun En'e, wato hukumar mulkin sarakuna. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, iko ya koma wajen ciyaman da kansila. A 1978 dokar filaye ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Tsarin mulkin 1999 kuwa bai ba sarakuna aikin komai ba. Ɗan abin da ya rage, mu muka ƙarasa shi da hannunmu: muka fasa zaure muka mayar shago, muka ja katanga, muka sa get, muka jera fasassun kwalabe a sama. Wannan nake so mu tattauna, ba hoton Abuja ba.

Ɗan Terminus:
Kawu a yi mini afuwa, zauren kakanmu ne shagon cajin wayata, kuma da shi nake biya wa ƙannena kuɗin makaranta 😂

Alhaji Sale Gangare:
Kai dai ja'iri ne tun kana ƙarami. Allah ya sa wa shagon albarka.

Kwamared Nura:
Kawu, Allah ya ƙara girma, amma wannan ba za ta wuce haka ba. En'en da kuke kewa ita ce dalilin kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Mutanen Malam Aminu Kano sun sha bulala da ɗauri a kotunan alƙalai, laifinsu kawai sun yi taro ba izini, ko an ce sun ambaci Sarki ba ladabi. Hajiya Gambo Sawaba sau nawa aka kai ta gidan yari? A shekarar nan ta 1950 ɗin, Abubakar Tafawa Ɓalewa da kansa, wanda ba wanda zai kira shi ɗan tawaye, ya miƙe a majalisar Kaduna ya ce a gyara tsarin En'e domin talaka ba shi da murya a ciki.

Kuma mu 'yan Jos mu ne bai kamata mu manta ba. Lokacin yaƙin Hitila, daga 1942, da Turawa suka matsu da kuza, wa ya shiga ƙauyuka ya ɗebo mutane aka kawo su ramukan nan dole? Hakimai da dagatai aka ba adadi, su suka cike. Diban gwamna ake ce masa. Mutane daga ƙasar zafi aka jefo su cikin sanyin Filato ba mayafin kirki, ba abincin kirki, da yawa a nan aka binne su. Kakannin wasunmu ta haka suka san garin nan. To wace daraja za a dawo mana da ita?

Alhaji Sale Gangare:
Nura, ban ce En'e aljanna ba ce. Zalunci an yi shi, na haraji, na jangali, na diban gwamna, duk gaskiya ne. Amma ka duba wani abu. Dagacin da ya zalunce ka a garinku yake kwana. Rijiyarku ɗaya, maƙabartarku ɗaya, 'yarsa a cikinku za ta yi aure. In ya ci amana, sunan zai bi jikokinsa, mawaƙa su sa shi a habaici, mata su sa shi a waƙar daka. Akwai linzami a bakinsa ko da bai so ba. Ciyaman fa? Wa'adinsa na cika ya tattara ya koma Rayfield ko Abuja, lambar wayarsa ma ta canza.

Su Malam Aminu gyara suka nema, a sa talaka cikin shawara. Abin da aka yi shi ne aka ɗauke ikon daga wanda ka sani aka ba wanda ba ka sani ba. Yau talakan da kuka 'yanto, in akuyar maƙwabci ta ci masa dawa, caji ofis zai je, a rubuce a bango beli kyauta ne, ya fito ya sayar da abin da ya fi akuyar. Wannan ne sawabar?

Kwamared Nura:
Ciyaman aƙalla ina iya kayar da shi a akwati. Dagaci sai mutuwa.

Ɗan Terminus:
Kwamared, wane akwati? Zaɓen ƙananan hukumomi a Najeriya, jam'iyyar gwamna ce ke cinyewa tun kafin a buga takardar ƙuri'a.

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baba Alhaji, da girmamawa, ina ganin an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai addini, akwai al'ada. Al'ada ba hujja ba ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da muke tinƙaho da shi, ai a kan al'adun sarakuna ya yi jihadi a 1804. A Kitabul Farƙi ya jero su: harajin da shari'a ba ta sa ba, gaisuwar da ake kai wa masu mulki, zuba ƙasa a ka wajen gaida sarki. Ya rubuta littafi sukutum a kan raya sunna da kashe bidi'a. Da Shehu ya ce a bar kowa da abin da ya gada, da yanzu ana nan ana yanka wa tsamiya baƙin bunsuru.

Kuma a garin nan aka kafa Izala a 1978, ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, Allah ya jiƙansa. A tambayi talaka me ta sauke masa. Mutum ya rasu, a bar marayu da bashin sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Mace ta haihu, a tatse miji. Malamin tsibbu ya karɓe kazar bazawara. Matan aure da ba su iya Fatiha daidai ba, yau ga su suna sauke Alƙur'ani a Islamiyyar dare. Wannan ba rushewa ba ne, tsaftacewa ce. Dattijon zaure in ya yi hukunci da abin da ya saɓa wa nassi, furfurarsa ba za ta mayar da shi daidai ba.

Alhaji Sale Gangare:
Ustazu, Islamiyyar matan aure na yaba, matana sun amfana, ba zan ci amanar gaskiya ba. Amma tunda ka ɗauko Shehu, mu ɗauke shi gaba ɗayansa. Shehu Baƙadire ne, yana da wuridi, yana girmama shehunansa. Kuma bayan an ci yaƙi, me aka yi? A Kano, Sarki Ibrahim Dabo da ya hau a 1819, sai da ya dawo da sarautun Hausa na da, su Galadima, su Madaki, su Makama, domin ya ga ƙasa ba ta riƙuwa da wa'azi kaɗai. Mutanen nan sun fi mu ilimi, sun cire abin da ya saɓa, sun bar abin da ke riƙe jama'a. Ba su ce komai na da shara ba ne.

Abin da na gani da idona a Jos a shekarun 1980 daban ne. Yaro ya dawo daga wa'azi ya ƙi durƙusa wa ubansa, ya ƙi cin yankan ubansa, ya ƙi bin limamin da ya raɗa masa suna. Layi ɗaya masallaci biyu, lasifika na amsa wa lasifika. To yaron da aka ce masa ubansa na cikin shirka, ranar da ya fara shan ƙwaya, maganar wa zai ji? Kun karya masa tsoron uba kuna zaton tsoron malam zai maye gurbin. Sai ita ma ƙungiyar ta rabe, ga Jos ga Kaduna, yaro ya ga ashe malamai ma ana iya zaɓa. Yau ga inda muka iso: kowane yaro da malaminsa a TikTok, wannan ya yi wa wancan raddi, wancan ya yi raddin raddi, ɗan shekara goma sha bakwai yana kiran mai shekara tamanin jahili a ƙarƙashin bidiyo.

Abu Sumayya:
Baba, rashin ladabin yaran intanet mu ma yana damunmu, malamanmu suna faɗa a kan mumbari. Amma ba Izala ta ƙirƙiro waya ba. Kuma ba a taɓa koya mana wulaƙanta iyaye ba, Alƙur'ani ya ce ko "uffan" kada a ce musu. An ce dai ruku'u da sujada na Allah ne.

Shugaban Zaure:
Jama'a a kiyaye. Maganar Izala da ɗariƙa ta taɓa watsa mana taro a nan, mutum huɗu suka fita. A tsaya a kan batun.

Maman Walida:
Na yi shiru ina karantawa, na ga duk maza ne ke ta kewar zaure. To bari 'yar cikin gida ta yi magana. Kawu, zauren nan da kuke faɗa, mu iyakarmu bayansa. Matar da ta kawo ƙara da kumburarren ido, hukuncin da aka fi yanke mata kalma uku ce: ki yi haƙuri. Gona da gida a raba wa maza, mace a ce ai tana gidan wani, alhali Allah ya yanka mata rabonta a cikin Suratun Nisa'i. A nan ina tare da Ustazu, al'ada ce ta cinye mana, ba addini ba. Ƙuri'a ma matan Arewa ba su jefa ba sai 1976, bayan matan kudu sun daɗe suna yi, kuma da sunan al'ada aka hana. Nana Asma'u tun ƙarni na 19 take tura jaji, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, amma jikokin almajiran babanta suka rufe mu a ɗaka ba alif ba ba.

Sai dai kuma, kada Kwamared ya yi murna, ban koma layinsa ba. Akwai abin da ya mutu a cikin gida wanda ku maza ba ku ma san an yi shi ba. Kowace unguwa tana da tsohuwar da ake jin tsoro. Amarya ta yi yaji, kafin labari ya isa zaure ita ta riga ta je, ta zaunar da yarinya, ta aika a kira angon ta wanke shi tas, don ita ta yanke masa cibiya. Mai jego kwana arba'in tana hannun gwaggo, ga ruwan zafi, ga kunun kanwa, ga mai riƙe mata jariri ta runtsa. Akwai uwar ɗaki, akwai ƙawar biki, akwai adashi. Yanzu fa? A kai yarinya 'yar shekara ashirin ɗaki da falo a bayan gari, get a kulle, miji ya fita tun safe, daga ita sai waya. Ta haihu ba mai ce mata ga yadda ake yi. Sun sami saɓani, mai ba ta shawara wata ce a Facebook da ba ta taɓa ganin fuskarta ba, wadda ita ma aurenta ya mutu. A makarantar da nake koyarwa ina ganin 'ya'yan irin auren nan, tun kafin a yaye su an rabu. An kashe miliyoyi a lefe da kamu da dina, ba a ajiye tsohuwa ɗaya kusa da yarinyar ba.

Saboda haka ni abin da nake kewa ba rawani ba ne. Gwaggo nake kewa.

Alhaji Sale Gangare:
Hajiya, kin faɗi rabin da ban iya faɗa ba. Maganar gado kuwa ba ni da ta cewa, an ci haƙƙin mata, kuma ana kan ci.

Baba Dung:
Gaisuwa ga kowa. Alhaji Sale abokina ne tun muna samari muna aiki a reluwe, shi ya sa ni cikin taron nan, to bari in sa baki a matsayina na Birom kuma Kirista.

Na farko, in an ce sarauta, ba abu ɗaya muke ji ba. Kakanninmu a kan duwatsun nan ba su yi mubaya'a ga Bauci ba, amma da Bature ya zo sai ya haɗa mu da lardin Bauci, sai a 1926 aka yanke lardin Filato. Kujerar Gbong Gwom ma, wato babban sarkinmu na Birom, sai a zamanin Bature aka kafa ta. Kafin nan kowane gari da nasa mai riƙe da shi. Shi ya sa da aka ji ƙudirin nan zai ɗora Sarkin Musulmi da Ooni na Ife a kan shugabanci na dindindin, mutanenmu da Inyamurai suka ce ba su yarda ba. In an ce a koma da, sai mu tambaya, da ɗin wa?

Na biyu, abin da Alhaji ya ce Izala ta yi musu, mishan ta riga ta yi mana. Aka ce wa kakanninmu duk abin da suka gada na Shaiɗan ne, ganga, rawa, bukin farauta, har sunaye. Mun sami makaranta da asibiti, ban raina ba, Littafi Mai Tsarki ma da Hausa muka karanta shi, tun fassarar 1932. Amma tsofaffi sun rasa bakin magana a gaban ɗan katikis. Daga baya muka dawo muna neman abin da muka zubar, muna shirya bukin Nzem Berom a filin wasa, ana sayar da riguna. Yanzu kuma yaranmu sun bar majami'un COCIN da ECWA sun bi fastocin da ke da janareta da alkawarin arziki.

Na uku shi ne mai zafin. Mai unguwar da Alhaji ke faɗa ya yi aiki ne don unguwar a cakuɗe take. Na zauna a Nasarawa shekaru, ran Sallah naman layya har ya ishe mu, ran Kirsimeti matata tun asuba take dafa shinkafa, kajin kuma maƙwabcina Musulmi ke yankawa don kowa ya ci. Daga 7 ga Satumba 2001 aka fara jan layi. 2008 aka ƙara, 2010 aka ƙarasa. Kowa ya sayar da gida ya koma cikin nasa. Jikana an haife shi a Jos, ya gama sakandare a Jos, bai taɓa taka Gangare ba, kuma ya tabbata a ransa in ya shiga ba zai fito ba.

Ku tuna Liman Abubakar Abdullahi na Nghar a Barikin Ladi. A watan Yuni 2018 ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. A lokacin tsoho ne ɗan sama da tamanin. Ba taron bita aka kai shi ya koyo ba, tarbiyyar da ce, ta maƙwabci amana ne. Tambayata, wa muke renowa yanzu da zai tsaya a ƙofa irin haka?

Maman Walida:
Baba Dung, Allah ya saka. Babarmu har ta rasu tana ambaton maƙwabciyarta Ngo da suka rabu a 2001.

Barista Kabiru:
Ina biye daga Abuja. Ta fuskar doka, Kawu ya fi masu kabbara gaskiya. Matsalar sarki a yau ba rashin majalisa ba ce, takardar naɗinsa da ta tuɓe shi duk a aljihun gwamna suke. Kuma ba yau aka fara ba. Gwamnatin Sardauna ta sa Sarkin Kano Sanusi na ɗaya ya yi murabus a 1963 aka kai shi Azare. Sarkin Muri a 1986. Sarkin Musulmi Dasuƙi a 1996, zamanin Abaca, shi da ya yi wa gwamnati aiki a kan sha'anin ƙananan hukumomi. Jokolo na Gwandu a 2005. Ganduje ya raba Kano gida biyar a 2019, ya tuɓe Sanusi na biyu a Maris 2020, Abba ya soke dokar ya dawo da shi a Mayu 2024, aka wayi gari sarki biyu a gari ɗaya, lauyoyi na ci. Wanda ake iya cirewa da takarda ɗaya, in ka kai shi Abuja ka ba shi kujera, bakin gwamnansa zai tafi da shi.

Abin dariyar kuma, a rukunin gidajen da nake haya, shekarata ta uku ban san sunan na jikin katangata ba. Amma da ɓarayi suka dame mu, sai ga shi mun kafa ƙungiyar mazauna, mun naɗa shugaba, yana karɓar kuɗin mai gadi da na kwashe shara, yana rubuta sunan duk sabon ɗan haya, yana raba faɗan wurin ajiye mota. Masu digiri biyu-biyu sun taru sun ƙirƙiro mai unguwa, sai dai wannan ba ya zuwa jana'izar kowa.

Ɗan Terminus:
Gwamnati ma ta gwada gyaran tarbiyya da doka ai. Malam Shekarau ya kawo A Daidaita Sahu a Kano, yau in ka faɗi sunan, keke za a tsayar maka.

Sadik Rikkos:
Iyayena ku yi haƙuri, ni ne ƙarami a nan, amma tun ɗazu ana ta yaran yanzu, yaran yanzu. Mu ba mu ga zaman da kuke faɗa ba. Abin da muka buɗe ido muka gani: mai unguwa ya sa hannu an sayar da fili ɗaya wa mutum biyu. Dattijon layi shi ke karɓo buhun shinkafar ɗan takara ya raba wa 'yan gidansa. Yaran sara-suka da kuke tsine wa, lokacin zaɓe wa ke ba su kuɗin ƙwaya, wa ke zuwa belinsu? Ba sa'anninmu ba ne, masu manyan riguna ne, kuma a sahun gaba suke sallah.

Babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, ina jariri, har yau tana nan a ƙone. Aka hana acaɓa a 2012. Kamfanonin da iyayenmu suka yi aiki sun rufe. Na gama karatu ina tura keken wani, kullum sai na kai balas ko na samu ko ban samu ba. Sannan a ce in durƙusa. Zan durƙusa wa Kawu Sale don na san shi, bai taɓa cin na kowa ba. Amma ba zan durƙusa wa furfura don tana furfura ba. Ku kuka fara sayar da girman, mu muka tarar da shi a kasuwa.

Kwamared Nura:
Sadik ya gama magana. A rufe taro.

Alhaji Sale Gangare:
Ba a rufe ba. Sadik, ɗana, maganarka ta yi mini zafi don babu ƙarya a ciki. Amma ka lura, ba hujjar Nura ka kawo ba, tawa ka kawo. Mai unguwar da ke sayar da fili sau biyu, me ya sa yake yi? An bar masa rawani, an ɗauke masa aiki, abin da ake ba shi a wata ba ya sayen buhun masara, kuma ba wanda yake jin kunyarsa, don rabin unguwar baƙin juna ne. Da can in ya yi haka, dattawa za su daina zuwa zaurensa, liman ya yi huɗuba a kansa ba tare da ya kama suna ba, kowa ya gane. Kunya ce 'yar sandan da ta fi ƙarfi a garin nan, kuma kunya ba ta aiki sai tsakanin waɗanda suka san juna. Ita ce majalisar dattawa ba za ta iya zartarwa ba, ko ƙudiri ya wuce karatu na goma.

Ni ba na ce a dawo da 'yan doka da bulala ba. Zamani ya wuce nan, wayar nan ma da nake zaginta da ita nake rubutu, jikata ke gyara mini in na ɓata. Abin da nake cewa ƙarami ne. Zaurena yana nan, ban fasa ba, duk da an yi mini tayin haya har na gaji. Duk Asabar bayan la'asar a buɗe shi. Wanda ke da rigima da maƙwabci ko da iyali, kafin ya kai caji ofis ya fara zuwa nan. Limamai biyun layinmu duka su zauna, na Izala da na ɗariƙa, in sun ga dama kowa ya zo da buzunsa.

Maman Walida:
Da sharaɗi. In maganar aure ce ko gado, mata biyu manya su zauna, a ciki, ba a bayan labule ba. Kuma in an ga duka, ba "ki yi haƙuri", a kira waliyyinta a gaban kowa.

Abu Sumayya:
Sulhu alheri ne, nassi ne. Zan yi wa limaminmu magana. Amma rabon gado a bar wa wanda ya karanci fara'ili, kada a yi shi da ra'ayi.

Sadik Rikkos:
Kuma ranar da ɗan siyasa ya aiko da tabarma ko lemo, a mayar masa. In aka karɓa sau ɗaya, ni na daina zuwa.

Barista Kabiru:
Ku riƙa rubuta abin da aka amince a kai, ɓangarorin biyu su sa hannu da shaidu, kowa ya riƙe kwafi. Amma laifi irin fyaɗe ko sara da makami ba na zaure ba ne, kada a rufe shi da sunan rufin asiri. Wannan ma yana cikin abin da zauren da can ya riƙa binnewa.

Baba Dung:
Alhaji, in na zo da jikan nawa, ka tanadi masa.

Alhaji Sale Gangare:
Ku zo, zan aika Sadik ya tarye ku a bakin titi da kekensa.

Kwamared Nura:
Duk na ji. Tambaya ɗaya har yanzu ba a amsa ba: wa ya zaɓi waɗanda za su zauna? Kawu ya naɗa kansa, ya naɗa limamai, Hajiya ta naɗa mata biyu. Haka En'e ta fara. A tara mutanen layi a ɗaga hannu.

Alhaji Sale Gangare:
Nura, in aka ɗaga hannu, mai raba shinkafa zai ci, kai ma ka sani.

Kwamared Nura:
To zan zo in zauna a bakin ƙofa da littafina, duk hukuncin da aka karkata wa mai kuɗi a nan zan kawo shi, da suna.

Maman Walida:
Ka zo da kujerarka, tabarmar Kawu ba ta kai bakin ƙofa ba. Sadik, ka biyo ta gidanmu ƙarfe huɗu ka ɗauki Inna da fulas ɗin shayi.